Naira miliyan 21 da ke iya durƙusar da shafin intanet

Gurbin lamba mai bit 32 a rumbun bayanai yana da iyaka: 2,147,483,647. Da an ƙara ɗaya a kai, mudu ya tumbatsa. A watan Nuwamban 2018 kamfanin Basecamp na Amurka ya ɗanɗana kuɗarsa, lokacin da lambobin jerin wani teburinsa suka kai wannan iyaka, masu hulɗa da shi suka shafe sa'o'i ba sa iya rubuta komai. Abin mamaki, a kamfanin ne aka ƙirƙiro Rails, tsarin gina shafukan intanet da harshen Ruby, kuma tun 2017 Rails 5.1 ya mayar da lambar jeri zuwa bit 64. Sai dai gyaran sababbin tebura kawai ya shafa.

Wani zai ce biliyan biyu ai da nisa. A Najeriya kuwa a bakin ƙofa take. Kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet irin su Paystack da kwabo suke lissafi, kuma kwabo 2,147,483,647 bai wuce naira miliyan 21 da dubu 474 da 'yan kai ba. Dillalin mota ko ɗan kasuwar hatsi na iya haura wannan a ciniki guda.

Abin da ke yaudarar masu rubuta manhaja shi ne Python da Ruby ba su da wannan iyaka, lamba sai ta yi ta girma abinta. Rumbun bayanai na SQLite, wanda da yawa ke gwaji da shi a kwamfutarsu, yana ɗaukar har bit 64, don haka komai lafiya lau. Ranar da aka koma PostgreSQL sai ya ƙi karɓar lambar, mai sayayya ya ga kuskure na 500. A ganina wannan da sauƙi, don ya yi ƙara kowa ya ji. MySQL, idan an kashe masa tsauraran ƙa'idoji, datse lambar yake yi ya ajiye iyakar, bai bar komai ba sai ɗan gargaɗin da ba mai karantawa. An biya miliyan 30, littafi ya nuna miliyan 21.

Django, tsarin gina shafukan intanet da harshen Python, ya san iyakar kowane gurbi, kuma yana tantance ta idan bayanin ya biyo ta ModelForm. Amma umarnin save ba ya kiran full_clean, mai yin wannan tantancewa, da kansa, saboda haka lambar da ta shigo ta wata hanya takan wuce kai tsaye zuwa rumbu. Dole mai manhaja ya tare ta tun a mashiga, ya gaya wa mutum da harshen da zai fahimta cewa adadin ya yi yawa, sannan ya ba kuɗi gurbin BigIntegerField mai bit 64.

Lambar waya, BVN da NIN kuwa, masu alƙaluma 11, ba a tarawa ko ɗebewa da su, don haka a gurbin rubutu ya kamata su zauna. Wanda ya sa lambar waya a gurbin lissafi ma sifirin farko zai fara rasawa.