Filin Mata: Guzurin Umra da Ɗan Littafin Lissafi

Yau zancenmu na kuɗi ne, watau guzurin da mace kan riƙe in za ta ƙetare zuwa wata ƙasa. Tun da ya ke ƙasar da matanmu suka fi zuwa ita ce Saudiyya, ko don Hajji ko don Umra, da ita za mu yi misali. Amma abin da za ki ji a nan zai amfane ki ko Masar za ki, ko Dubai, ko Ingila wajen ganin ɗa ko jika.

Kowa ya san yadda a ke tara kuɗin nan. Wata adashi ta yi shekara uku tana zubi, wata ta sayar da shanunta ko filin gadonta, wata kuwa 'ya'yanta ne suka yi mata karo-karo. Ga shi sau da yawa sai ki ji an ce Hajiya wance ta sauka lafiya, amma da bashi a wuyanta. Ba sata aka yi mata ba, ba ta kuma yi wani almubazzaranci da za a nuna da yatsa ba. In kika tambaye ta inda kuɗin suka shiga, iyakar abin da za ta ce shi ne, "Wallahi ni ma ban sani ba." To, wannan rashin sanin shi ne ciwon. Maganinsa kuwa ɗan littafi ne da biro, da minti biyar kowane dare.

Abin da ya sa kuɗin baƙunta ba su da auki

A gida, ko idonki a rufe kin san abin da naira dubu za ta saya. Amma ran da aka miƙa miki kuɗin wata ƙasa, sai su zama miki kamar takardun wasan yara, gama hannunki bai saba da nauyinsu ba. Mai kanti ya ce riyal 10, ki ji abin ba shi da yawa, don kunnenki ya saba da jin dubbai. Bari mu auna. Tun shekarar 1986 Saudiyya ta tsai da kuɗinta a kan riyal 3.75 kowace dalar Amurka. Naira kuwa, bayan da aka sake ta ga kasuwa a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta wuce 1,500 a cikin 2024. In dala tana naira 1,500, riyal ɗaya naira 400 ke nan. Ashe riyal 10 ɗin nan da kika raina naira 4,000 ce. Takardar riyal 500 mai hoton Ka'aba kuwa, naira 200,000 kika riƙe a tafin hannu.

Saboda haka kafin ki bar gida, ki tambayi canjin ranar, ki rubuta a shafin farko na littafinki: riyal 1 naira kaza, riyal 10 naira kaza, riyal 50 naira kaza, riyal 100 naira kaza. Duk sa'ad da wani abu ya ba ki sha'awa, ki mai da kuɗinsa naira, ki tambayi kanki, "Da a kasuwarmu ne, zan saya haka?" Har wa yau ki sani akwai harajin saye a can. An fara shi a 2018 da kashi 5 cikin ɗari, aka mai da shi kashi 15 cikin ɗari a watan Yuli na 2020. Don haka farashin da yayarki ta faɗa miki, wadda ta je shekara goma da suka wuce, kada ki yi lissafi da shi.

Kakanninmu da suka bi ta ƙasa, ta Barno da Chadi da Sudan, su haye Bahar Maliya, in guzuri ya ƙare sai su yada zango su yi noma ko ƙwadago, shi ya sa wani kan yi shekaru a hanya. Yau ba haka ba ne. Bizar Umra ba ta ba ki izinin yin aiki ba, ranar dawowarki kuma tana rubuce a tikiti. Abin da kika riƙo, shi ne zai kai ki ya dawo da ke.

Raba kuɗi tun daga gida

Mu ɗauka za ki yi kwana 14, an riga an biya jirgi da masauki, kina da guzurin dala 600. In an canza, riyal 2,250 ke nan. Kada ki zuba su jaka guda kina zara. Ki kasa su kashi huɗu. Ga misali, ke kuma sai ki gyara shi daidai ƙarfinki:

Na ko-ta-kwana, don ciwo ko jinkirin jirgi: riyal 250.
Na manyan hidimomi da kika san suna tafe, kamar motar Makka zuwa Madina, da layin waya, da motar ziyara, da jarkar Zamzam: riyal 360.
Na tsaraba: riyal 800.
Na ci da sha da zirga-zirgar yau da kullum: riyal 840.

In kika raba 840 gida 14, kowace rana ta sami riyal 60. Wannan 60 ɗin ita ce mudunki. Kowace safiya ki ɗauki ta ranar ki sa a ƙaramar jaka, sauran ki adana a lalitar da ke jikinki ko wurin ajiya mai makulli.

Mai niyyar Hajji ma lissafin ɗaya ne, sai dai nata ya fi matsi. Guzurin da aka ba alhazan Nijeriya a 2025 dala 500 ne, watau riyal 1,875, zaman kuwa ya kan kai wata guda ko fiye. In hadaya ba ta cikin abin da kika biya tun daga gida, ita za ki fara warewa kafin kome, gama ta hanyar hukuma ta kai riyal 720 a 2024. Ki cire wannan daga 1,875, ki raba saura bisa kwana 30, za ki ga abin da ya rage wa kowace rana bai kai riyal 40 ba, tun ba a yi zancen tsaraba ba.

Yadda a ke rubutawa

A kwalejin horon malamai an koya mana cewa rajistar aji kullum a ke kiranta. Malamar da ta bari sai ranar Juma'a ta zauna cikewa, ƙage za ta yi ko ba ta so. Haka lissafin kuɗi ya ke. Bayan sallar lisha, kafin ki kwanta, ki buɗe sabon shafi, ki sa sunan rana, ki jera abin da kika kashe. Misali:

Talata. Na fita da riyal 60.
Karin kumallo, 8.
Mota zuwa Harami da dawowa, 15.
Abincin rana da na dare, 22.
Shayi da ruwa, 5.
Sadaka, 5.
Jimla 55. Saura 5.

Sa'an nan ki zazzage jakar ki ƙirga. In littafi ya ce saura 5, jaka kuwa ta ce saura 2, to akwai riyal 3 da suka sulale. Ki yi tunani. In kin tuna, ki rubuta. In ba ki tuna ba, ki rubuta "ban tuna ba, 3". Kada ki ji kunyar wannan layi, gama shi ne zai nuna miki inda tulunki ke yoyo. In ya yawaita kwana uku a jere, kin san lalle sai ki riƙa karɓar rasit, ko ki rubuta nan take kafin ki bar bakin kanti.

Abin da ya ragu yau, ki ƙara a na gobe. In kuwa kin zarce da riyal 12, to gobe 48 gare ki, ba 60 ba. Kada ki ce za ki cike daga na ko-ta-kwana, ko ki yi wa kanki alkawarin tsimi a mako na biyu. Bashin da yau ta ci, gobe ce za ta biya, tun yana ƙarami.

Wadda ba ta yi karatun boko ba kada ta ce wannan ba nata ba ne. Ta rubuta da ajami in ta iya. In ba ta iya ba, a sama mata ambulan 14 tun daga gida, a sa kuɗin kowace rana a cikin ɗaya, ta riƙa buɗe guda kowace safiya. Mai waya kuma tana iya rubutawa a cikinta, amma ni na fi son takarda, don ba ta neman caji, ɓarawo kuma ba ya kwaɗayinta.

Ramukan da kuɗi kan faɗa

Na fari shi ne mota. Kuɗin tasi kan hau a lokacin cunkoso, musamman bayan an idar da salla da kuma cikin azumi. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku yi ciniki kafin ku shiga. Mai son ƙara Umra daga Tan'im, inda Masallacin A'isha ya ke, ta san kowace fita da kuɗinta, ta sa a lissafi. Tsakanin Makka da Madina akwai jirgin ƙasa na Haramaini da aka buɗe a 2018, ya fi bas sauri nesa ba kusa ba, ya kuma fi ta tsada. Ki zaɓi ɗaya tun kina gida.

Na biyu shi ne saƙo. Maƙwabciya ta ba ki kuɗin abaya, suruka ta ba ki na turare. Wannan amana ce, ba guzuri ba. Kowane saƙo ki sa shi a ambulan dabam da sunan mai shi, ki ba shi shafinsa a bayan littafi. Wadda ta ce, "Ki sayo mini, in kin dawo na biya," ki ba ta haƙuri da fara'a tun a ƙofar gida. Gara ta yi fushin kwana biyu da ku yi rigimar shekara.

Na uku shi ne rance tsakanin abokan tafiya. Wannan ta biya miki shayi, ke kin biya mata mota, ran rabuwa kowa na ganin ita ke bi. Ki tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ki rubuta a gaban mai shi, ku warware kafin kwana biyu.

Na huɗu shi ne katin banki. Bankunanmu da yawa sun tsai da amfani da katin naira a waje a wajen 2022, waɗansu suka dawo da shi a 2025 tare da iyakar abin da za a kashe. Ki je bankinki ki tambayi iyakar, da canjin da su ke yi, da abin da su ke cira in an zari kuɗi a na'ura. Haɗarin kati shi ne ba kya ganin jaka tana ramewa. Duk abin da kika biya da shi, ki shigar a shafin ranar kamar tsabar kuɗi.

Uwar ramuka

Na bar tsaraba a ƙarshe don ita ce uwarsu duka. Mace ta shiga kasuwa ta tuna da ƙanwar miji, ta tuna da kishiyar uwa, ta tuna da mai yi mata kitso, kowa kuma tana tsoron bakinsa. Ki zauna tun a gida ki rubuta sunayen waɗanda za ki yi wa tsaraba, da abin da za ki saya wa kowa, da iyakar kuɗinsa. In jimla ta wuce abin da kika ware, ki rage kaya, kada ki ƙara kuɗi. Kwanakin farko ki yi ta kallo kina tambayar farashi, gama kantunan da ke daf da Harami sun fi na cikin unguwa tsada. Ki bar saye sai kwana uku na ƙarshe, sa'ad da littafinki ya nuna miki gaskiyar abin da ya rage.

Ki kuma duba abin da a ke rubutawa a jikin kaya. Carbi da darduma da huluna da yawa daga ƙasar Sin ko Turkiyya a ke kai su, irinsu kuwa suna nan jibge a Kantin Kwari da sauran kasuwanninmu. In kika lodo su har kaya suka wuce nauyin da jirgi ya yarda, kuɗin awo zai cinye arahar. Abin da ya cancanci ɗauka shi ne wanda babu kamarsa a gida, watau Zamzam, wanda a kan bar mutum ya taho da jarka mai lita 5, da dabinon Madina. Shi ma dabino iri-iri ne, ajwa ya fi saura tsada, ba kuwa dole ne kowa ya sami ajwa ba. Mai sayen zinariya ta tambayi kuɗin giram na ranar dabam, ladan ƙira dabam, ta karɓi rasit mai nuna nauyi da karat.

Wata za ta ce, "Ni ibada na je yi, ba lissafin kanti ba." Gaskiya ne, 'yar'uwa. Amma wace ce ta fi natsuwa a gaban Ka'aba, wadda ta san abincinta na gobe yana nan a ware, ko wadda ke ɗawafi tana tunanin wa za ta tara da roƙon rance? Ki tuna kuma akwai gida. Ran da kika sauka, 'yan barka da zuwa za su cika zaure, ga kuɗin makarantar yara, ga cefane bai san kin yi tafiya ba. In na ko-ta-kwana ya dawo da ke lafiya, shi ne zai rufa miki asiri a makon nan.

In kin dawo, kada ki yar da littafin. Ki ajiye, gama ran da ƙanwarki ko 'yarki za ta tafi, ya fi mata tsarabar abaya amfani. Wadda ta gwada wannan dabara, ko ta san wata da ta fi ta, ta rubuto mana a wannan fili don sauran 'yan'uwa su ƙaru. Allah Ya kai mu da rabo, Ya dawo da mu cikin rufin asiri, amin.