Dalolin Masar: Abin da Ya Tabbata da Abin da Baki Ya Ƙara

Duk wanda ya yi niyyar zuwa Masar, ko ɗalibi ne mai nufin Azhar, ko majinyaci mai neman magani a Alƙahira, ko kuwa mai yawon buɗe ido kawai, da wuya ya ɗaure kayansa bai riga ya cika kunnensa da labaran dalolin Giza ba, waɗansu daga littattafan jagorar matafiya, waɗansu daga bakin waɗanda suka riga shi zuwa, waɗansu kuwa daga hotunan da ake turawa ta waya. Kuma da yake ƙasar ta yi shuhura cikin ƙissoshin annabawa, sai yawancin labaran su zo a jingine ga sunan wani annabi, har mai sauraro ya ji nauyin tambayar isnadinsu. Wannan shi ya fi damuna, domin zancen da aka jingina wa annabi shi ya fi cancanta a bincika asalinsa kafin a ɗauka.

Ɗaya daga cikin tsofaffinsu shi ne cewa dalolin rumbunan Annabi Yusufu ne, alaihissalam, inda ya tara hatsin shekarun yalwa domin shekarun fari. Zancen ya yaɗu ne a bakin maziyartan Nasara na zamanin da, waɗanda suka riƙa ratsa Masar a kan hanyarsu ta zuwa Baitul Muƙaddas, har aka zana shi a rufin majami'ar San Marko da ke birnin Benis a Italiya. Amma duk manomin da ya taɓa gina rumbu ya san cewa amfaninsa yana cikin sararin cikinsa, alhali babbar dala, wadda aka gina wa sarki Khufu wajen shekara 2560 kafin haihuwar Annabi Isa, curin dutse ce ta duwatsu kimanin miliyan 2.3, ba ta da komai a ciki sai matsattsun hanyoyi da ɗakuna uku, ɗaya a cikinsu ɗauke da akwatin gawa na dutse. Kabari ce. Mai son ganin ma'ajiyar hatsin mutanen Masar na da, sai ya tafi Luksor, inda rumbunan tubali suke tsaye har yau a bayan haikalin Ramsis na Biyu.

Haka nan batun cewa Banu Isra'ila ne suka gina su cikin bauta, ko kuwa, a wata riwayar, aljanu ko waɗansu halittu daga sama. A shekarar 1990 aka gano maƙabartar ma'aikatan a kudu da dalolin, kusa da ita kuma aka tono unguwarsu, da gidajen gashin burodi, da tarin ƙasusuwan shanu da tumakin da aka yanka musu. Sa'an nan a 2013, a Wadil Jarf da ke gaɓar Bahar Maliya, aka sami takardun wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, wanda ya rubuta yadda shi da jama'arsa suka riƙa ɗauko farin dutse daga Tura a cikin jiragen ruwa zuwa Giza. Ba wai aikin ya zo da sauƙi ba ne, domin ƙasusuwan mamatan suna nuna alamun ɗaukar nauyi da karayar da aka ɗora ta warke, kuma sarki yana da ikon tilasta talakawansa aikin hukuma. Sai dai su 'yan ƙasar ne, an ciyar da su, an yi musu jinya, an binne su a gefen kabarin sarkinsu. Ramsis na Biyu kuwa, wanda aka fi nuna shi a matsayin Fir'aunan Annabi Musa, ya hau mulki ne bayan Khufu da fiye da shekara 1,200.

A kan gawar Fir'auna ne gaskiya da ƙari suka fi cuɗanya, don haka ya kamata a tsaya a rarrabe. Gaskiya ne gawarwakin sarakunan suna nan, ana kuma ganinsu da ido: an sami ta Ramsis na Biyu a 1881 a wata maɓoya da ke Dairul Bahari, ta ɗansa Marnabtah a 1898 a Kwarin Sarakuna, kuma an kai ta Ramsis birnin Paris a 1976 domin a magance ruɓewar da ta fara kama ta. Abin da bai tabbata ba shi ne cewa daga teku aka tsamo wata daga cikinsu, ko cewa gishirin da ke jikinsu hujja ce ta nutsewa, tun da yake masu gyaran gawa na Masar da gishirin kanwa suke busar da kowane mamaci mai daraja, wanda ya mutu a ruwa da wanda ya mutu a kan gadonsa. Hoton nan kuma da ake yawo da shi, na wani busasshen mutum a dunƙule kamar mai sujada, gawar wani saurayi ce daga Jabalain, tana gidan tarihin Birtaniya a Landan, zafin rairayi ne ya busar da ita tun kafin a fara sarautar fir'aunoni, kuma da aka haska ta da na'ura a 2012 an ga sukar makami ce a bayansa ta kashe shi. Alƙur'ani mai girma ya ba da labari a Suratu Yunus cewa an tsirar da jikin Fir'auna domin ya zama aya, wannan kuwa mun yi imani da shi ba tare da buƙatar shaidar ɗan rakiya ba. Amma bai ambaci sunansa ba, kuma ayyana wata gawa takamaimai da cewa ita ce, zato ne, ba ya kai darajar yaƙini.

Hancin Abul Haul, wato gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum, ba sojojin Napoliyon ne suka harbe shi ba, domin sun iso Masar a 1798, alhali zanen da Norden ɗan ƙasar Denmak ya yi wajen 1737 ya nuna shi ba hanci, kuma masanin tarihi Maƙrizi ya jingina ɓarnar ga wani sufi, Muhammadu Sa'imud Dahri, a 1378. La'anar kabarin sarki Tutankhamun ma ba ta da tushe: Lod Karnabon, wanda ake cewa ita ta kashe shi, ya rasu a 1923 ne sakamakon cizon sauro da ya rikiɗe ya zama ciwo, Hawad Kata kuwa, wanda shi ya buɗe kabarin a 1922, ya rayu har 1939. Amma labarin cewa wani sarkin Musulmi ya yi yunƙurin rushe dala sahihi ne: Azizu Usmanu, ɗan Salahuddin, ya sa an yi wata takwas a 1196 ana fama da ƙaramar dalar, aka gaji aka bari, kuma gurbin yana nan a fuskarta ta arewa.

Ga mai tsara tafiya, dalolin ba a tsakiyar sahara suke ba kamar yadda hotuna ke nunawa. Gidajen Giza sun zo har gindinsu, kuma mota kan kai mutum daga tsakiyar Alƙahira. Ana shiga cikin babbar dala da tikiti na dabam, ta wata kafa da ake jingina fasa ta ga Halifa Ma'amun, hawa bisanta kuwa doka ta hana. Wanda ya dogara da tsohon littafi ya nufi gidan tarihi na dandalin Tahrir domin ganin Ramsis zai yi tafiyar banza, saboda tun watan Afrilu na 2021 aka kwashe gawarwakin sarakuna 22, maza da mata, zuwa gidan tarihin da ke Fusɗaɗ. Sa'an nan maganar da kan ba mutane mamaki, cewa Sudan ta fi Masar yawan daloli, ita ma gaskiya ce, domin a Marawi ta da, da Nuri, da Kurru akwai wajen 200, ko da yake ƙanana ne. Sai dai yaƙin da ya ɓarke a can cikin Afrilu na 2023 ya sa tilas mai niyyar zuwa ya fara tambayar halin da hanya take ciki kafin ya yanki tikiti.