Ammodaucus leucotrichus da matsalar sunan dangin karas a Hausa

A cikin aikin tattara sunayen tsirrai da muke yi a yankin Dakoro, mun tarar da giɓi guda: dangin da masana suke kira Apiaceae, ko ombellifères da Faransanci, ba su da suna a Hausa. Dangi ne babba, mai iri fiye da 3000, amma mafi yawansu a ƙasashen sanyi suke. Abin da manomin Dakoro ya sani daga cikinsu shi ne karoti, kalmar da aka aro daga Faransanci (a Kano kuwa karas ake cewa, daga Ingilishi), kuma shi ma shukar garka ne ta lokacin ɗari.

Ɗan dajin da za mu ɗauka misali shi ne Ammodaucus leucotrichus, wanda Cosson da Durieu suka bayyana a 1859. Sunan daga Girkanci yake: ammos yashi, daukos karas na daji, leukos fari, thrix gashi. Wato "karas ɗin yashi mai farin gashi". Ƴar ciyawa ce da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, ganyenta a tsattsage, furenta fari ƙanana a kan tsinkaye masu fitowa daga wuri guda kamar ƙarafunan laima. Ƴaƴanta ne ke lulluɓe da gashin, suna da ƙamshi, kuma mutanen Sahara suna jiƙa su don ciwon ciki.

Tana fitowa a ƙoramun hamada masu yashi da tsakuwa, daga Maroko da Aljeriya har Masar. Irinta yana kwance cikin ƙasa sai ruwan lokacin sanyi ya sauka, ta tsiro, ta yi fure kafin zafin bazara. A nan ne bambancin yake. A kwarin Tarka ruwa yana zuwa daga Yuni zuwa Satumba, cikin zafi, ɗari kuma busasshe ne. Saboda haka yashin Dakoro, duk da yawansa, bai dace da ita ba, kuma abin da mutane ba su gani ba sa raɗa masa suna.

Ga littattafan makarantu masu koyarwa da Hausa, muna ganin "dangin karas" ya fi "masu laima". Na biyun ya fi kusa da Faransanci, gaskiya ne, amma yaron da ya ga karoti a garka da wuya ya taɓa ganin furensa, tunda ana tone shi kafin ya yi.