Lamine N'Diaye: Kocin da Garuwa Ta Fito da Shi

A watan Disambar 2010, a Abu Dhabi, TP Mazembe ta Kwango ta lallasa Internacional ta Brazil da ci 2 da nema, ta zama ƙungiyar Afirka ta farko da ta kai wasan ƙarshe na gasar ƙungiyoyin duniya. 'Yan kallo sun fi tuna mai tsaron gida Kidiaba yana tsalle da ɗuwawu a kan ciyawa don murna. Mutumin da ke bakin fili yana ba da umarni kuwa, mutanen Garuwa sun daɗe da saninsa.

Lamine N'Diaye ɗan Senegal ne, haifaffen Thiès a 1956, ya kuma taka leda a Faransa. Amma a Coton Sport ta Garuwa, a arewacin Kamaru, ya yi suna a matsayin koci, ƙungiyar da aka kafa a 1986, wadda kamfanin auduga Sodecoton ke ɗaukar nauyinta. Da can ƙwallon Kamaru na 'yan kudu ne: Canon da Tonnerre a Yawunde, Union a Duwala. Coton Sport ta fara ƙwace kofin gasar lig ta ƙasa a 1997, amma a zamanin N'Diaye ne abin ya zama jiki, har ta ɗauke shi sau huɗu a jere daga 2003 zuwa 2006. A 2003 ma ta kai wasan ƙarshe na kofin CAF, inda Raja ta Maroko ta yi galaba.

A ganina sirrin bai wuce haƙuri ba. An bar shi shekara da shekaru yana tara yara, yana horar da su a zafin Garuwa, zafin da kan sa baƙi su fara haki a filin Roumdé Adjia tun kafin a tafi hutun rabin lokaci. Da ya tafi, ginin bai rushe ba: a 2008 ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka, ta yi kunnen doki 2 da 2 da Al Ahly a gida, bayan ta sha kashi a Alƙahira.

Ƙasarsa ba ta yi masa wannan haƙurin ba. A 2008 ta damƙa masa ƙungiyar ƙasa ana tsakiyar gasar Afirka a Gana, kafin shekarar ta ƙare kuma ta sallame shi, bayan canjaras da Gambiya a Dakar.