Yunwa, Wuta da Ruwa: Yadda Wasannin Tsira na Bidiyo Ke Aiki

Wasannin bidiyo masu buɗaɗɗiyar duniya su ne waɗanda ake sakin ɗan wasa a fili mai faɗi, daji ko duwatsu ko kufai, ba a shata masa hanya ba. A cikinsu akwai rukunin wasannin tsira, inda babban aiki shi ne a kai gobe da rai. Mutumin da ake sarrafawa a allo yana jin yunwa, sanyi na kama shi, makaminsa na lalacewa, jakarsa kuma ba ta cin kaya da yawa. Dole ya zaɓi abin ɗauka da abin bari, kuma a nan daɗin wasan yake.

Wanda ya fi shahara shi ne Minecraft, da Markus Persson ɗan ƙasar Suwidin ya fara fitarwa a 2009, kafin Microsoft ya sayi kamfaninsa, Mojang, a 2014 kan dala biliyan 2.5. Yini da dare a cikinsa minti 20 ne kacal. Sabon shiga sai ya sari itace, ya ƙera kayan aiki, ya haƙo kwal don haske, ya yi ɗaki kafin duhu ya fito da dodanni. In ya koma noma, ƙasar da ba ta wuce tazarar bulo 4 daga ruwa ba ita ke riƙe danshi, shukarta ta fi saurin girma. Mai noman rani a gefen madatsar ruwa ta Challawa a Ƙaraye ba sai an yi masa bayanin wannan ba.

Sirrin ƙirar shi ne ba a rubuta kowane abin da zai faru. Ana kafa ƙa'idoji ne a bar su su yi karo da juna. A wasan Zelda da Nintendo ya fitar a 2017, Breath of the Wild, wuta na cin busasshiyar ciyawa, zafinta ya tada iskar da ke ɗaga ɗan wasa sama. Ruwan sama na sa dutse santsi, hawa ya gagara. Tsawa na neman ƙarfe, don haka mai takobi a baya cikin hadari yana cikin haɗari, mai wayo kuwa sai ya jefa takobin tsakiyar maƙiya ya ja gefe. Ba wanda ya umarce shi. Ƙa'idar ce ta ba da hali.

Far Cry 2 na Ubisoft, na 2008, ya yi gaba da zamaninsa. Labarinsa a wata ƙasar Afirka ne da ba a ambaci sunanta ba, jarumin kuma na fama da zazzaɓin cizon sauro, wanda kan taso masa ana tsaka da faɗa. Tsohuwar bindiga na cijewa, gobarar daji na bin iska har ta juyo kan wanda ya kunna ta. Da yawa sun yi ƙorafi, kuma suna da ɗan gaskiya: idan wahalar ba ta tilasta wani zaɓi ba, takura ce kawai.

Abin da matasan Ƙaraye da Rogo suka fi sani a wayoyinsu reshe ne na wannan zuriya. A 2012 Dean Hall ya yi DayZ, inda mutane ke tsintar abinci da harsashi a kangaye. Daga shi Brendan Greene ya ciro salon da ya zama PUBG a 2017, shekarar da Garena ya fitar da Free Fire. A waɗannan an cire yunwa, an maye gurbinta da da'irar da ke tsukewa, tana tura 'yan wasa 100 a PUBG, ko 50 a Free Fire, su haɗu dole. Su biyun ba sa yi sai da data, Minecraft kuwa ana buga shi ko babu intanet.