Yadda A Ke Cin Ɗanyen Kifi A Ƙasar Koriya

Idan aka ce wa Bahaushe akwai ƙasar da mutum zai yi wanka, ya sa tufafinsa na fita kunya, ya ɗebi abokansa su tafi gidan sayar da abinci, ya biya kuɗi masu tsoka don a kawo masa kifin da bai ga wuta ba, lalle zai ce ko dai mutanen nan ba su da itace, ko kuwa ba su da hankali. To, ƙasar tana nan, ita ce Koriya ta Kudu, kuma mutanenta suna da itace, suna da hankali. Sunan abincin hwe. Muna so mu bayyana wa masu karatu yadda a ke cinsa, da dokokin da su ke tsare lafiyar mai ci, da kuma abin da ya sami waɗanda suka ƙetare dokokin.

Teku ta kewaye Koriya gabas da yamma da kudu, saboda haka kifi a wurinsu kamar hatsi ne a wurinmu. Gidajen da a ke sayar da hwe ba su da wuyar ganewa, don a bakin ƙofar kowanne akwai manyan akwatunan gilashi cike da ruwan teku, kifaye suna iyo a ciki. Dokar farko ke nan: Bakoriye ya fi yarda da kifin da ya gani da rai, aka yanka shi nan take. Maƙwabtansu mutanen Japan su ma suna cin ɗanyen kifi, amma su sukan ajiye naman a wuri mai sanyi ya yi sa'o'i, wani ma ya kwana, don ya yi laushi ya ƙara daɗi. Bakoriye kuwa ya fi son naman da ke da ɗan tauri, wanda haƙori zai san ya yi aiki.

Wanda ya ke so ya ga abin sosai sai ya tafi kasuwar kifi ta Noryangjin a Seul, babban birnin ƙasar. An kafa kasuwar a 1927 a wata unguwa dabam, aka maido ta Noryangjin a 1971, sa'an nan ta shiga sabon gini a 2016. Tun cikin dare a ke gwanjon kifi a can. Mai saye zai zaga rumfuna, ya nuna kifin da ya ke so, a auna, a yi ciniki, a yanka. Daga nan sai ya hau bene zuwa wani gidan abinci, inda za a ba shi wurin zama da kayan haɗi, ya biya kuɗin zama na kowane mutum ɗaya. Haka nan kuma a birnin Busan akwai kasuwar Jagalci, wadda ta bunƙasa a hannun mata 'yan kasuwa tun zamanin Yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953, sa'ad da 'yan gudun hijira suka cika garin suna neman abin kai wa baka.

Kifin da aka fi ci shi ne gwango, wani faffaɗan kifi mai kwanciya a ƙasan teku, idanunsa biyu duk a gefe guda. Dā abincin masu hali ne. Daga shekarun 1980 aka fara kiwonsa a tafkunan da aka gina a bakin teku, musamman a tsibirin Jeju da na Wando, sai ya yi arha har ƙaramin ma'aikaci ya iya saye. Akwai kuma waɗanda su ke da lokacinsu: jono da kaka a ke nemansa, bango kuwa sai tsakiyar hunturu, lokacin da ya yi kitse.

In an zauna, ba kifin a ke fara kawowa ba. Za a jera ƙananan faranti, wani da miyar ganyen teku, wani da gasasshen kifi, wani da masara, wani da ganyen kabeji mai tsami da yaji wanda su ke kira kimci. Sa'an nan babban faranti ya iso, an jera yankan kifin a kai siriri-siriri, fari fat, ba ƙaya ba jini. Ba wanda zai miƙa hannu sai babban da ke wurin ya fara. Mai ci zai ɗauki ganyen latas, ko wani ganye mai ƙamshi da su ke kira kennip, ya shimfiɗa a tafin hannu. Ya sa tsinkaye biyu ya ɗauko yanka guda, ya tsoma a cojang, watau kwaɓin jan barkono da ruwan tsami da sukari. Ya ɗora ɗanyar tafarnuwa da ɗanyen barkono, wani ya ƙara irin daddawarsu ta waken soya, ya naɗe ya kai baki loma ɗaya. Ba a gutsura, don ladabin cin shi ne a sa duka.

Wani abin da ya kamata a yaba musu shi ne ba su zubar da komi. Kan kifin da ƙashinsa, waɗanda aka ware tun wajen yanka, su a ke zubawa a tukunya da barkono da ganyaye, a ɗora a kan ɗan murhu a tsakiyar tebur, ya tafasa a gaban masu ci. Sunan wannan farfesu meuntang, da shi da shinkafa a ke rufe liyafar.

Akwai wani cin da ke firgita baƙo, shi ne sannakji. Nakji wata 'yar halitta ce ta teku mai hannuwa takwas, kowane hannu da 'yan kofuna masu manne wa abu. Akan sassara ta a zuba man riɗi a kawo, gutsattsarin suna ta motsi a faranti, ba don suna da rai ba, sai don jijiyoyinsu ba su gama mutuwa ba. Wanda bai tauna sosai ba, gutsure yana iya manne masa a maƙogwaro ya toshe numfashi, kuma an sha rasa rai ta haka.

Doka ta biyu ita ce lura da lokaci. Da zafi, in ruwan teku ya ɗumama, wata ƙwayar cuta mai suna Vibrio takan yaɗu a cikinsa, ta fi tsanani a watan Agusta da Satumba. Mai ƙoshin lafiya sau da yawa yakan tsira, amma mai ciwon hanta ko ciwon sukari, in ta shiga jininsa, tana iya kashe shi cikin 'yan kwanaki. Saboda haka kowace shekara hukumar lafiya takan gargaɗi irin waɗannan mutane su dafa kayan teku kafin su ci.

Doka ta uku ta fi duka nauyi: kifin teku a ke ci ɗanye, ba na kogi ba. A cikin kifin kogunan Koriya, musamman kogin Nakdong da ke kudu, akwai 'ya'yan wata tsutsa ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. In mutum ya ci kifin ɗanye, tsutsar takan haura ta zauna a magudanar maɗaciya cikin hanta, ta yi shekara da shekaru tana ƙwai. Ƙwan ya fita da bayan gida ya shiga ruwa, dodon koɗi ya haɗiye, daga jikinsa 'ya'yan su koma jikin kifi, abin ya yi ta zagayawa. A 2009 masanan ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara. Mutanen karkara da yawa sun ɗauka yajin cojang da tsaminsa, ko giyarsu soju, suna kashe ta. Ba su kashewa. Wuta ke kashe ta.

A nan ne labarin ya shafi malaman makaranta. A 1971, da aka yi binciken ƙasa baki ɗaya, an sami ƙwan tsutsar ciki a jikin mutum 84 cikin kowane 100. Tun daga 1969 har 1995, sau biyu a shekara, malami yakan raba wa 'yan ajinsa ƙananan ambulan, kowa ya kawo ɗan bayan gidansa a duba da madubin likita, wanda aka sami tsutsa a jikinsa a ba shi magani. Aikin ba mai daɗi ba ne, amma malamai suka jure. Da wannan, da gyaran shaddodi, da daina zuba kashin mutane a gona, zuwa 2012 masu tsutsa ba su kai mutum 3 cikin 100 ba. Sai dai mafi yawan waɗanda suka saura, tsutsar hanta ce a jikinsu. Akwai maganinta, amma dattijon bakin kogi yakan sha ya warke, ya koma ya ci ɗanyen kifi tare da abokansa, ya sake kamuwa. Sabo turken wawa. Ƙwayar magani ta iya fitar da tsutsa daga cikin yaro, amma al'adar da ta zauna a akushin uba, sai an haɗa da karantarwa da haƙuri.

To, in Allah ya kai wani daga cikinmu Koriya, ko don kwas ko don wani aikin hukuma, masu masauki suka kai shi gidan hwe, kada ya yamutsa fuska, don sun ba shi mafificin abin da su ke girmama baƙo da shi ne. Ya tambaya ko kifin na teku ne ko na kogi, ya duba watan da a ke ciki, ya kuma tuna lafiyar hantarsa. In zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya yi godiya, ya ci na ƙananan faranti, ya jira farfesu.