Elektrod na ma'auni

Elektrod na ma'auni ɗan sanda ne mai tsayayyen ƙarfin lantarki, wanda ake auna kowane ɓangaren batir da shi. Cikakken batirin dalma na sola, irin wanda ake amfani da shi a Illela ta jihar Sakkwato, yana ba da kusan volt 12.6 daga ɗakuna shida. Idan adadin ya faɗi, mita ba ta nuna farantin da ya lalace, sai an tsoma sandar kadmiyom cikin ruwan batir an auna kowanne daban.

A ɗakin gwaji, na haidurojin aka ɗauka sifiri, na azurfa da kuloraid kuma volt 0.197 a zafin digiri 25. Adadin yana sauyawa da zafi, kuma bazarar Illela takan haura digiri 40.